Zanen Ɓawon Iri: Yadda Ake Gane Dangin Tsirrai Daga Ƙwayarsu

Duk wanda ya ratsa ƙasar Rano da Kibiya a ƙarshen damina, tun daga gindin duwatsun Rurum har zuwa gonakin Tarai da Durba, da wuya ya rasa ganin wani ɗan tsiro mai fure ja-ja, mai ban sha'awa, tsaye a tsakanin karan dawa. Baƙo zai yaba kyawunsa, amma manomi ba ya yaba shi, don kuwa wannan shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, sabili da yadda yake barin gona tamkar an bi ta da gobara. Ana ganinsa ne kawai sa'ad da ya riga ya yi ɓarna. Kafin nan yana ɓoye, ko dai a cikin ƙasa, ko kuma a gindin buhun irin da manomi ya sayo a kasuwa, a kamannin wata 'yar ƙura baƙa wadda ba mai kula da ita. To, ta yaya za a tabbatar cewa wannan ƙura 'ya'yan ƙuduji ne, ba turɓaya ba? In kuma shi ne, wane iri ne daga cikin ire-irensa? Amsar waɗannan tambayoyi tana cikin wani reshe na ilmin tsirrai wanda ke nazarin ɓawon iri da zanen da ke bisa kansa.

Abin da ya sa ake dogara ga ɓawo

Tun zamanin Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin wanda ya tsara ba kowane tsiro suna mai kalma biyu a littafinsa na 1753, fure shi ne babban abin da ake dubawa wajen rarraba tsirrai zuwa dangi-dangi. Amma fure baƙo ne, kwana kaɗan yake yi ya wuce. Ganye kuwa ba shi da alkawari, gama tsiro guda yana iya yin faffaɗan ganye a fadama, ya yi ƙanana a kan tsandauri. Ƙwayar iri ba haka take ba. Tana ginuwa ne a ɓoye cikin mahaifar fure, inda rana da iska ba su cika taɓa ta ba, saboda haka siffar da take fitowa da ita ta gado ce, ba ta yanayi ba. Fari yana iya rage girman ƙwaya, amma da wuya ya sake mata zane. Bugu da ƙari, ƙwaya tana jure ajiya shekara da shekaru ba tare da kamanninta sun ɓace ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Ɓawon iri daga jikin uwa kaɗai yake fitowa, watau daga fatun da suka lulluɓe ƙwai a cikin fure. Ɗan tsiron da ke kwance ciki shi ne ya haɗa gadon uwa da na uba. Don haka in aka yi barbarar farin wake da garin furen jan wake, ƙwayar da za a girba a wannan shekara za ta fito da rigar uwarta, fara. Har ila yau, ba duk abin da ake kira ƙwaya ne iri zalla ba a wajen masana. Ƙwayar dawa da ta gero da ta masara, kowace ɗaya ɗan itace ne sukutum, wanda ɓawonsa ya manne da na irin da ke ciki.

Manoma da mata masu sayar da hatsi sun daɗe da wannan ilmi, ko da yake ba su ba shi suna ba. A kasuwar Rano, mai awo ba ta bukatar ganin gona kafin ta ware wake mai kaushin fata daga mai santsi, ko mai baƙin hanci daga mai ja. Wannan hanci, watau tabon da ya rage a inda ƙwaya ta rabu da kwasfarta, daidai yake da cibiya a jikin mutum, kuma yana cikin abubuwan farko da masani ke dubawa. Bambancin kawai shi ne masani yana aunawa, yana rubutawa, yana kuma kwatanta tsiron garinsu da na sauran ƙasashen duniya.

Wani Bajamushe mai suna Joseph Gaertner shi ne ya fara ba wannan fanni cikakken muhimmanci, a littafinsa kan 'ya'yan itatuwa da ƙwayoyin iri wanda ya soma fitowa a 1788. Daga baya sai E. J. H. Corner, Baturen Ingila da ya yi shekaru yana aiki a Singafo cikin tsirran ƙasashe masu zafi, ya wallafa babban littafinsa kan tsarin iri a 1976. Amma abin da ya buɗe ƙofa sosai shi ne madubin ilektiron mai leƙa saman abu, wanda wani kamfani a Kambirij ta Ingila ya fara sayarwa a 1965. Madubin ƙara girma irin na makarantu da haske yake aiki, iyakarsa ya ƙara girman abu kamar sau 1,000, kuma in ya kama tudu sai kwari ya dushe. Shi kuwa na ilektiron, ana shafa wa ƙwaya zinariya sirara ƙwarai, a sa ta cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, sa'an nan a bi ta da tsinin ilektiron layi-layi, hoton ya fito da tudu da kwari duka a sarari, an ƙara shi sau dubbai. A 1981 Wilhelm Barthlott na ƙasar Jamus ya tsara yadda za a riƙa bayyana abin da aka gani: yadda tantanin ɓawo suka jeru, da siffar kowane tantani, da ƙananan zanen da ke kan bangonsa, da kuma kakin da ya tsatso a bisansa.

Rubutun gefe

Ba kowane zane ne ke bukatar irin wannan na'ura mai tsada ba. Ɗalibi ya ɗauki ƙwayar kalwa guda, watau irin ɗorawa da ake yin daddawa da shi, ya wanke ta, ya duba ta a hasken rana. A kowace fuska tata zai ga wani siririn layi ya kewaya, mai kama da kofaton doki, bakinsa a buɗe ta wajen cibiya. In ya fasa kwasfar bagaruwa ko ta gawo, zai tarar da irin wannan layi a kan ƙwayoyinsu. Corner ne ya raɗa masa suna da kalmomin Girkanci masu ma'anar rubutun gefe. Sa'an nan ɗalibin ya ɗauki wake, ko gyaɗa, ko 'ya'yan baba, tsiron nan da ya yi wa Rano suna a harkar rini tun zamanin Hausa Bakwai. Ko ɗaya ba shi da layin. Dukansu gida ɗaya suke, gidan masu kwasfa, amma wannan layi guda ya isa ya nuna cewa ɗorawa ta fi kusa da bagaruwa da gawo bisa ga yadda take da wake, ko da ba a ga furen ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai dai a nan akwai tarko. Ƙwallon tsamiya shi ma yana da wani fili a kowace fuska, kewaye da layi rufaffe. Mai gaggawa zai ce tsamiya 'yar ɗakin ɗorawa ce. Amma a 2017, da masana daga ƙasashe da yawa suka sake tsara gidan masu kwasfa bisa ga binciken ƙwayoyin gado, suka raba shi ɗaki shida, sai ɗorawa da bagaruwa da gawo da tafasa suka faɗa ɗaki guda, tsamiya kuwa ta faɗa wani dabam, tare da taura da maje. Kama da wane ba ta wane, in ji Bahaushe, kuma wannan magana ta zauna daidai a ilmin tsirrai.

Labarin tafasa ya fi wannan daɗi. Shekaru da dama littattafan da suka yi bayanin tsirran ƙasar Hausa suna kiran tafasa da sunan Cassia tora. A 1958 sai J. P. M. Brenan na lambun binciken tsirrai na Kew, a Ingila, ya nuna cewa tsirrai biyu ne aka haɗa ƙarƙashin suna guda, kuma ɗaya daga cikin hujjojinsa masu ƙarfi tana kan ƙwaya. Kowace ƙwayar tana da ɗan fili a gefenta. A ɗaya tsiron filin siriri ne kamar tsaga, bai kai rabin milimita ba sosai a faɗi. A ɗayan kuwa faɗinsa ya kai milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, ya kusa cinye fuskar ƙwayar duka. Mai faffaɗan filin shi ne tora na ainihi, kuma ɗan nahiyar Asiya ne. Mai siririn filin shi ne tafasar da ke cika bakin hanya da makiyaya a Rano da Kibiya, wadda ake kwaɗo da ganyenta, sunanta kuma a yau Senna obtusifolia. 'Yan kasuwa masu sayen tsabarta don kai wa ƙasashen waje har yanzu da tsohon sunan suke kiranta, amma duk ɗalibin da ke da gilashin hannu yana iya tabbatar wa kansa gaskiyar Brenan cikin minti biyu.

Ƙurar da ke gindin buhu

A kan ƙuduji ne wannan ilmi ya tashi daga sha'awa ya koma bukata. Abin da manomi ke kira da suna ɗaya ko biyu, masana sun raba shi kashi-kashi. Mai cin dawa da gero da masara, dogo, mai jan fure, shi ne Striga hermonthica. Wani Bafaranshe mai suna Delile ne ya fara bayyana shi daga ƙasar Masar, sunan kuma ya samo asali daga wani tsohon gari a bakin kogin Nilu. Akwai ɗan'uwansa Striga aspera, mai kama da shi ƙwarai, wanda asalinsa a jikin ciyawar daji yake rayuwa amma yakan faɗa wa masara. Mai cin wake kuwa gajere ne, mai kaurin jiki, ganyensa kamar ɓamɓaroki, furensa ƙanana masu ruwan shuɗi-shuɗi, shi ne Striga gesnerioides. Sa'an nan akwai na huɗu, mai rawayan fure, Alectra vogelii, wanda shi ma wake yake ci, amma jinsinsa dabam ne.

Dukansu dabararsu ɗaya ce. Ƙwayar ƙuduji tsawonta bai wuce kashi uku cikin goma na milimita ba, watau sai an jera uku kafin su kusa cika milimita guda, kuma giram ɗaya yana ɗauke da fiye da ƙwaya 100,000. Tsiro guda yana zubar da dubun-dubatarsu, suna kuma iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Ƙwaya mai wannan ƙanƙanta ba ta da guzurin da zai kai ta ko'ina, saboda haka ba ta tsira sai ta ji ƙanshin wani sinadari da saiwar amfanin gona ke fitarwa, kuma sai saiwar tana kusa da ita da 'yan milimitoci. A 1966 aka fara tace irin wannan sinadari, daga saiwar auduga. Abin mamaki, auduga tana tayar da ƙwayar ƙudujin hatsi amma ba ta ciyar da shi, sai ya tsira ya mutu. Wannan shi ne sirrin da ya sa juya shuka da auduga ko waken soya ke rage shi a gona. In kuwa dawa ya samu, sai ya soke saiwarta, ya yi makonni yana tsotsar ruwa da abinci a ƙarƙashin ƙasa, kafin ya leƙo waje.

An daɗe ana zaton iska ce ke watsa shi, tun da yake kamar ƙura yake. A 1994 masana na Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi, IITA, suka wallafa sakamakon wani bincike da ya gwada hanyoyi uku: iska, da shanu, da irin shuka. Suka gano cewa iska ba ta kai ƙwayar nesa da 'yan mitoci, rabon shanu ma kaɗan ne, amma hatsi da waken da ake sayarwa a kasuwanni sau da yawa suna ɗauke da ita. Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya san kaka. Ana yanke dawa a kwantar da ita a ƙasa cikin gonar da ƙuduji ya riga ya nuna, ana shanya wake a nan, ana sussuka a nan. Manomin da ya sayi mudu biyu na irin nan ya kai sabuwar gonarsa, ya sayo wa kansa wahalar shekara goma da kuɗinsa.

Ke nan mai binciken iri, ko ma'aikacin da ke tsaron shigowar tsirrai a kan iyakar ƙasa, dole ne ya iya gane ƙwayar ƙuduji ita kaɗai, babu ganye babu fure. Amurka ta ɗanɗana wannan a 1956, lokacin da aka tarar da wani nau'in ƙuduji a gonakin masara na jihar Karolina ta Arewa, aka kuma shafe shekaru da dama ana kashe maƙudan kuɗi wajen yaƙi da shi. A 1981 Lytton Musselman na Amurka da Chris Parker na Ingila suka wallafa nazarin saman ƙwayoyin Striga da madubin ilektiron. Abin da ido ke gani kamar ɗigon toka sai ya bayyana da siffa mai ban al'ajabi. Ƙwayar doguwa ce kaɗan, an yi mata manyan kunyoyi da suka murɗe daga wannan kai zuwa wancan, kamar murɗin igiya. A tsakaninsu akwai ƙananan kunyoyi, a kan kunyoyin kuma akwai 'yan ƙulla-ƙulla a jere. Ƙwayar yashi ba ta da wannan tsari, ƙwayar alayyafo kuwa baƙa ce mai sheƙi, sumul, ta kuma fi ta girma nesa. Ita Alectra ba ta ɓoyuwa ko kaɗan: rigarta sakakkiya ce kamar raga, ta yi mata yawa, ana hango ɗan tsiron a tsakiya kamar kifi cikin koma. Saboda haka ɓawo yana raba ƙuduji da abin da ba ƙuduji ba, yana kuma raba Striga da Alectra ba tare da wata tantama ba.

Inda ɓawo ya gaza

Da aka matsa zuwa cikin gida sai al'amarin ya yi wuya. Zanen kunyoyin yana sassauyawa ko a tsakanin ƙwayoyin nau'i guda, kuma nau'o'i masu kusanci suna tarayya a cikinsa. Wanda ke son raba hermonthica da aspera, gara ya jira fure, ya duba inda bututunsa ya lanƙwashe da irin gashin da ke kansa. Su biyun ma suna iya barbarar juna, abin da ke ƙara rikita lissafi.

Mafi tsanani shi ne batun ƙudujin wake. Binciken da aka yi a Afirka ta Yamma ya nuna cewa Striga gesnerioides ya kasu zuriya-zuriya, aƙalla bakwai, kowace da irin waken da take iya ci. Wadda ta fi addabar arewacin Nijeriya da Nijar ita ce ake yi wa laƙabi da SG3. Akwai ma waɗanda ba su kula wake sam, sai dangin baba na daji. Wani wake da aka samo daga Botsuwana, mai lamba B301, ya gagari yawancin zuriyoyin, amma ta yankin Zakpota a Jamhuriyar Benin ta ci shi. Duk waɗannan ƙwayoyinsu kama ɗaya ce a ƙarƙashin madubi. Ba a rarrabe su sai ta hanyar shuka su tare da wake iri-iri a ga wanda suka kama, ko kuma ta binciken ƙwayoyin gado. Ta wannan hanya ce, ba ta duban ɓawo ba, masana a tashar IITA ta Kano, ƙarƙashin jagorancin B. B. Singh, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, suka samar da wake mai jure ƙuduji, kamar SAMPEA 10 da aka fitar ga manoma a 2008. Binciken ƙwayoyin gadon ne kuma ya sa aka ɗauke Striga da Alectra daga gidan da suka daɗe a ciki, Scrophulariaceae, aka mai da su gidan Orobanchaceae tare da sauran tsirrai masu tsotson saiwa. Littattafan makaranta da aka buga kafin shekarar 2000 suna ɗauke da tsohon sunan gidan, ya kamata malami ya lura.

Wannan bai rage darajar ɓawo ba. Binciken ƙwayoyin gado yana bukatar ɗakin gwaji da sinadarai da wutar lantarki wadda ba ta yankewa, gilashin hannu kuwa aljihu yake shiga. Masanin kirki yana haɗa hujjar ɓawo da ta fure da ta ƙwayoyin gado, in sun yi daidai ya natsu, in sun saɓa ya sake bincike.

Aikin aji

Makarantar sakandare a Rano ko Kibiya tana da kayan wannan darasi a ƙofarta. Ana bukatar gilashin hannu mai ƙara girma sau goma, da farar takarda, da rula, da rariya mai laushi. Ɗalibai su tara kalwa, da ƙwallon tsamiya, da 'ya'yan bagaruwa, da tafasa, da rai-ɗore, da wake iri biyu ko uku, da zurma, da gasaya, da gurya. Kowa ya zana abin da ya gani, ya rubuta tsawo da faɗi da launi, da wurin cibiya, da kaushi ko santsi. Zurma tana da wani farin kumburi a kanta, da zane kamar na kaska. Gasaya a naɗe take kamar dodon koɗi, da tsage-tsage a bayanta. Gurya kuwa za ta nuna musu cewa zaren auduga gashin ɓawon iri ne, kowane sili tantani guda ne da ya miƙe, saɓanin audugar rimi wadda daga bangon kwasfa take fitowa. Bayan haka sai a rufe sunayen, a cakuɗa ƙwayoyin, a bar wani rukuni ya rarraba su da bayanin da rukunin farko ya rubuta. Inda suka kasa, nan ne bayanin ya yi rauni, sai a gyara shi.

Gwaji na ƙarshe shi ne na ƙuduji. A samo mudun wake ko dawa daga kasuwa, a tankaɗe shi da rariya a kan farar takarda, a duba ƙurar da ta zuba. Gilashin hannu zai nuna 'yan ɗigo masu ruwan ƙasa-ƙasa, dogaye kaɗan, masu girma ɗaya. Madubin makaranta, in an haska ƙwayar daga sama maimakon daga ƙasa, zai fito da murɗaɗɗun kunyoyin. Don kwatanci, a tsinko busasshen kan ƙuduji daga gona a kaka, a karkaɗe shi cikin ambulan, a liƙe bakin, kada ko ɗaya ta zuba a gonar makaranta. In an gama, a ƙone takardar da abin da ke kanta.